Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Igwar Bama a Garejina

A makon jiya mun tsaya a inda babbar mota ta sauke mini igwar a ƙofar gareji, maƙwabta na leƙe ta taga. Bari in fara da masu tambaya ko ban ji tsoron hukuma ba. A Ingila doka ta yarda mutum ya mallaki irin wannan makami muddin an kashe shi, wato an toshe bututun an lalata mazaunin harsashi yadda ba zai ƙara tashi ba, sannan ofishin gwajin bindigogi na Landan ko na Birmingham ya duba, ya buga hatimi, ya ba da takarda. Tawa da takardarta ta zo. Kada wani a gida Najeriya ya ce zai gwada, dokar can daban ce.

Igwar yaƙin kan tsaunuka ce ta sojan Birtaniya, mai faɗin baki inci 3.7, irin wadda aka fara kai wa fagen fama a 1917. Nauyinta wajen kilo 730 ne, harsashinta kilo 9, tana cilla shi fiye da kilomita biyar. Gwanintar maƙeranta ita ce ana wargaza ta kashi takwas a ɗora wa alfadarai. Hatta bututun biyu ne, wani ƙaton noti ke haɗa su a tsakiya. Wannan notin ban kusance shi ba, don yana cikin abin da aka yi wa walda lokacin kashe ta, kuma taɓa aikin nan laifi ne. Aikina yana kan ƙafafu, tayoyi, garkuwa da hannayen juya ta.

Uwargida ta leƙo ta ƙare mata kallo, ta ce, "Malam, wannan tarin tsatsar ce ta ci kuɗin fanshon?" Na ce mata ta ba ni lokaci. Ta ce lokaci dai na Allah ne, amma motarta ba za ta kwana a waje har bazara ba.

Na fara da tukunyar da ke shanye ƙarfin ja da baya idan an harba. Mai da matsattsiyar iska ke aiki a cikinta, kuma tsohuwar iska ba ta san an gama yaƙi ba. Sai da na tabbatar babu komai a ciki kafin in ɗora sifana. Fenti kuwa hawa-hawa ne, kore a kan ruwan ƙasa a kan wani koren, kuma fentin wancan zamani akwai dalma a cikinsa, don haka da takunkumi na kankare shi, a jiƙe. A ƙarƙashi na tarar da alamar kibiyar nan da gwamnatin Birtaniya ke bugawa a kayanta.

Inda na sha wuya shi ne ƙusoshin da ke riƙe ƙafafun baya guda biyu, masu buɗewa dama da hagu. Sun kafe ƙam. Na jiƙa su da kananzir, in gasa kewayen da wuta, in bari ya huce, in buga da gudumar tagulla don kada bakin ya fashe. Mai gaggawa a nan zai kawo babbar guduma ya ɓata abin da ba a sayar da irinsa ko'ina. Ƙananan sassan kuma na tsoma su a ruwan sodar wanki, na haɗa musu cajar batirin mota, tsatsar ta riƙa saki tana komawa kan wani guntun ƙarfen banza. Notinan da suka mutu na sassaƙa sababbi da kaina, domin zarensu na Whitworth ne, tsarin da Joseph Whitworth ya fito da shi a 1841, mai kusurwa digiri 55, na yanzu kuwa 60. Ka tilasta musu na zamani, sai ka cinye zaren duka biyu. Maigidana na Kaduna da ya koya mini wannan aiki, Allah ya jiƙansa, da ido yake bambance su.

Ranar da ƙusoshin suka fita, na kira ɗana mu ɗaga ƙafa ɗaya zuwa kan benci. Muka ɗaga da ƙyar, ya ce, "Baba, wai wannan Kaka ya ɗauka?"

Shi ya ɗauka. Mahaifina yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da ta shiga kwarin Kaladan a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a 1944, kuma ba mai harbi ba ne, ɗan dako ne. Rundunar tana da dubban irinsu, sojoji masu ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Yakan ce inda jif ta gaza, sai a wargaza igwa a rataya a sanduna, mutane su sa kafaɗa. Ka raba 730 gida takwas, kowane kashi ya kusa buhun masara, ga tudu, ga santsi, ga Japanawa a gaba. Muna yara mukan yi dariyar yadda yake juyowa da jikinsa duka idan an kira shi, wuyan ba ya juyawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne mun riƙe sunayen wuraren mun saki mutanen. Barikin Dodan da na Myohaung a Legas, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, duk daga yaƙin Bama suka samo suna, amma tambayi matashin da ke wucewa ta ƙofarsu kullum ka ji. Masu tara irin waɗannan makamai a nan ma hirarsu ba ta wuce alfadarai da sojan Indiya. Shi ya sa na yanke shawarar in yi mata fenti da koren da aka yi amfani da shi a Bama, kuma duk taron da na kai ta, sandunan dako na gefenta.

Saura tayoyi. Na katako ne masu da'irar ƙarfe, ɗaya ya ruɓe har yatsa na shiga. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin tsohon Baturen da ya ɗaure mini su da wuta da ruwa, da kuɗin da ya yanka mini.