Yau na koyi lissafin 72

Wallahi yau kaina ya ɗau zafi amma na ji daɗi. Bayan na taso daga aiki na zauna da waya da biro ina karatun zuba jari, abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wani lissafi mai sauƙi, wai ka raba 72 da kason da kuɗinka ke ƙaruwa a shekara, abin da ya fito shi ne kusan shekarun da za su ɗauka kafin su ninka. In kashi 8 ne cikin ɗari, shekara 9 kenan, in kashi 6 ne shekara 12. Sai na juya shi kan tsadar kaya, nan ne jikina ya yi sanyi, domin in farashi na hawa da kashi 12 duk shekara to cikin shekara 6 kuɗin da ka ɓoye a akawun ba za su sayi fiye da rabin abin da suke saya yau ba, alhali lambar da ke cikin alat ɗinka tana nan yadda take, ba wanda ya taɓa maka ko sisi.

Kuma da wannan lissafin ne mutum zai gane 'yan damfara. Charles Ponzi a Boston ta Amurka, a 1920, ya yi wa mutane alƙawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, wato kuɗi su ninka cikin 'yan watanni maimakon shekaru, ashe kuɗin sababbin shiga yake ba wa na farko, har abin ya ruguje. Abin yana min ciwo sosai, don har gobe talaka mai neman na kansa ne ake cuta da irin wannan, kawai sunan ake sauyawa a sa masa manhaja mai kyau.

Da dare na koma kan hannun jari. Na karanta yadda John Bogle na kamfanin Vanguard ya buɗe wani asusu a 1976 wanda ba ya zaɓen kamfani ɗaya, sai ya saya maka ɗan kaɗan a manyan kamfanoni 500 na Amurka gaba ɗaya, cajin kulawa kuma ƙarami. Tsarin ya kwanta min, ko kamfani ɗaya ya karye ba ka karye ba. Amma fa ba a ce babu faɗuwa ba, daga ƙarshen 2007 zuwa Maris 2009 kasuwar hannun jarin Amurka ta zube fiye da rabi, sai 2013 ta dawo inda take. Wanda ya sa kuɗin hayarsa a ciki dole ya sayar da asara, shi ya sa ake cewa ka fara tara na ko-ta-kwana, abin da zai riƙe ka wata 3 zuwa 6, kafin ka sa ƙafa a kasuwa.

Maganar riba ta haram kam ba zan yi wasa da ita ba, akwai sukuk (takardun zuba jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa) da hannayen jarin da aka tantance bisa Shari'a, su zan bi a hankali in fahimta kafin in saka komai. Gobe in Allah ya kai mu zan fara rubuta duk abin da ke fita daga aljihuna, har kuɗin data da cajin banki, in ga nawa ne ainihin na wata guda.