Jinin da ya kwana a mota

Wani matashi a bargar da ke kusa da tamu ya sauko da dokinsa daga mota, dokin na haki, yana taka ƙafafun gaba kamar a kan ƙaya, shi kuwa yaron sai buga wa likita waya yake a zo a ɗebi jini yanzu-yanzu. Na ce, "Ɗana, bar shi ya huce tukuna." Ya ce, "Baba, ai na karanta a intanet." To, madalla.

Ban ga laifinsa sosai ba, don nawa gangancin ya fi nasa. Ina da wata goɗiya da kitse ya taru mata a doron wuya da gindin wutsiya, in ta ci ɗanyar ciyawa sai ta fara ɗingishi. Likita ya ce a auna insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini wanda yawansa kan jawo ciwon kofato, a haɗa da ACTH, sinadarin da ake gane cutar Kushin ta tsofaffin dawaki da shi, tunda ta haura shekara 15. Sai na hana ta abinci tun dare, ko busasshiyar ciyawa ban bar mata ba. A nan kam ina da hujja, domin a da haka ake cewa a yi, daga baya ne aka gane yunwa tana sauke insulin har ta ɓoye cutar. Amma sauran fa? Da safe ta ƙi tsayawa, ga ni ina sauri, na matsa a yi mata allurar kwantarwa. Likitan ya ce irin su zailazin suna danne insulin. Na ce ni na san dabbata. Ya yi shiru ya yi allurar. Har gobe ina ganin da ya ƙi, ai shi ya yi karatun. Ko da yake wa ya matsa masa?

Na kuma karɓi kwalaben da sunan ni zan kai ɗakin gwaji, wata hidima ta ɗauke min hankali, suka kwana a aljihun mota. Ban san ƙwayoyin jini suna ci gaba da cinye sukarin da ke cikin kwalba ba, ban san ACTH yana lalacewa a zafi ba. Washegari na miƙa su, ban ce wa kowa uffan ba. Wannan shirun ne ba ni da abin kare shi.

Takarda ta fito, komai lafiya lau. Na ji daɗi, gaskiyar magana ita nake so in gani, na sake ta a makiyaya. Ba a jima ba kofatonta ya ɗauki zafi, tana tsayawa ta miƙe ƙafafun gaba ta jingina nauyinta baya. Da aka ɗauki hoto, ƙashin cikin kofaton ya riga ya karkace. Ba a sake ɗaura mata sirdi ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu wa zai karanta? Kada a ɗebi jinin dokin da ke cikin ciwo ko wanda ya sha tafiya, ciwo da firgici suna ɗaga insulin da ACTH, ku ƙare da ba shi maganin cutar da ba ya da ita. A hana hatsi aƙalla awa 4, a bar masa busasshiyar ciyawa. Jinin ACTH a kwalba mai murfi mai launin shunayya yake shiga, wato mai EDTA, sinadarin da ke hana jini yin gudaji, a sanyaya shi cikin awa 3, a raba ruwan da ƙwayoyin kafin a daskarar. A rubuta kwanan wata, don a arewacin duniya ACTH yakan hau da kansa daga Agusta zuwa Oktoba. Kuma ku daina yawo da jini daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan kuna kwatanta lambobi, na'urorinsu ba ɗaya ba ne.

Na ce a jira doki ya huce, amma in kofato ya yi zafi kada ku jira kowace takarda, a janye hatsi da ɗanyar ciyawa yau ɗin nan. Ku ji maganar likita. Ku kuma tsaya a kansa har kun ga kwalbar ta shiga ƙanƙara da idonku.