Shekarun farko na ciwon suga su ne jarinku

Ƙannenmu da 'ya'yanmu na Makka da Jidda da Madina da aka gano muku ciwon suga kwanan nan, ga kuskuren da ya fi cutar da mu da muka riga ku shiga wannan jinya: mun riƙa auna lafiyarmu da yadda jiki ke ji. Suga yana iya zama 200 shekara da shekaru, babu jiri babu ciwon kai, alhali yana cin ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda da ƙafa.

To me ya sa wani zai shekara arba'in da ciwon, ido garau, ƙafa lafiya? Akwai rabo a ciki. Cibiyar Joslin da ke Boston a Amurka ta bibiyi mutanen da suka haura shekara 50 da ciwon suga nau'i na ɗaya, ta tarar da yawa daga cikinsu ciwon bai lalata musu ido ko ƙoda ba, wasu ma jikinsu bai daina fitar da ɗan insulin ba. Wannan baiwa ce daga Allah. Sauran kuwa aiki ne. Wani babban bincike kan masu nau'i na ɗaya, mai suna DCCT, a 1993 ya nuna waɗanda suka matsa wa sugansu tun da wuri sun rage haɗarin ciwon ido da kashi 76 cikin ɗari. Da aka ci gaba da bin su, ko bayan sugan kowa ya zo ɗaya, masu sammakon ne a gaba. Haka aka gani a Birtaniya ga masu nau'i na biyu. Jiki ba ya manta shekarun farko, mu kuwa su muka yi wasa da su.

Gwajin tarakumi, wato HbA1c, gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na watannin baya, ku yi shi duk wata uku zuwa shida. Ga yawancin mutane ana son ƙasa da 7. Awon suga na yau da kullum kuwa, kafin cin abinci 80 zuwa 130, awa biyu bayansa ƙasa da 180. Kada ku tsaya kan suga kaɗai. Hawan jini ya zauna ƙasa da 130/80, domin shi da suga ne suke haɗuwa su kashe ƙoda. Shisha taba ce, ku bar ta. Sau ɗaya a shekara a ɗiga muku maganin buɗe ido a duba ciki, a kuma nemi albumin a fitsari, wato sinadarin da ke nuna ƙoda ta fara taɓuwa, ko ba ku jin komai.

Ƙafa ce ta fi ba mu tsoro a ƙasar nan. Idan jijiya ta mutu, zafi ba ya isowa. Takalmi ya ɓace a ƙofar Harami, mutum ya taka kwalta da azahar, bai sani ba sai ya ga bororo, bororo ya zama gyambo. Ku riƙe takalminku a jaka. Kowane dare ku duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ku zazzage takalmi kafin sawa, ruwan wanka kuma ku gwada shi da gwiwar hannu, don ruwan tanki da rana yana ƙona fata.

Insulin ba ya jure zafin mota. Wanda ba a buɗe ba ya zauna a firij, digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare. Wanda aka buɗe, yawanci kwana 28 ne, ƙasa da digiri 30. Ku riƙa sauya wurin allura, domin wuri ɗaya yana yin tauri, magani ya daina shiga daidai.

Azumi kuwa, ku ga likita tun Rajab ko farkon Sha'aban a gyara muku awon magani. Dabino ɗaya ko biyu ya isa buɗa-baki, Vimto da tulin shinkafar kabsa su ne ke kai suga sama. Idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ku karya azumin. In sauka ce, ku sha rabin kofin lemo mai zaƙi, ku sake aunawa bayan minti 15.