Ina Kuɗin Inshorar Lafiya Ke Tafiya a Ostiraliya?

A ƙasar Ostiraliya, ranar 1 ga Afrilu ce sabon farashin inshorar lafiya ta kamfanoni ke fara aiki a mafi yawan shekaru, bayan ministan lafiya na tarayya ya duba buƙatar kowane kamfani ya amince da ita. A 2023 matsakaicin ƙarin ya kasance kashi 2.9 cikin ɗari, a 2024 ya kai kashi 3.03, sannan a 2025 Minista Mark Butler ya sa hannu a kan kashi 3.73. Da yake matsakaici ne, akwai waɗanda ƙarin da ya hau kansu ya zarce haka.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya kai mutum sayen inshora a ƙasar da tsarin Medicare ya ba kowa damar kwanciya a asibitin gwamnati kyauta tun 1984. Amsar ita ce gwamnati da kanta ta tura mutane. A zamanin Firaminista John Howard an ɗora ƙarin haraji a 1997 a kan masu samun kuɗi da yawa waɗanda ba su da inshora, a 1999 aka kawo tallafin kashi 30 cikin ɗari na kuɗin inshorar, sannan a 2000 aka ce duk wanda ya wuce shekara 30 bai shiga ba, za a ƙara masa kashi 2 cikin ɗari a kan kowace shekara da ya yi jinkiri. Saboda haka ba zan kira wannan ciniki na ganin dama ba.

Asibitoci masu zaman kansu, waɗanda su ke yin mafi yawan tiyatar da ba ta gaggawa ba, suna ƙulla yarjejeniyar farashi da kamfanonin inshora, kuma kukansu shi ne abin da ake biyansu bai bi sawun tsadar albashin ma'aikatan jinya da kayan aiki ba. Kamfanin Healthscope, wanda a lokacin yake da asibitoci masu zaman kansu 37, ya faɗa hannun masu karɓar bashi a watan Mayun 2025, kodayake adalci ne a ce tarin bashin da ke wuyansa ma ya taka rawa.

Ɓangaren da ya fi damuna shi ne na asibitocin gwamnati. Idan mai inshora ya kwanta a can, akan tambaye shi ko yana so a rubuta shi a matsayin majinyaci mai inshora, kuma da zarar ya sa hannu, asibitin zai aika wa kamfaninsa takardar kuɗin gado. Gwamnatocin jihohi, waɗanda su ke tafiyar da waɗannan asibitoci, sun dogara da wannan kuɗin shiga, har a 2024 jihar New South Wales ta yi sa-in-sa da kamfanoni kan kuɗin ɗakin mutum ɗaya, ta yi barazanar ƙara musu haraji. Amma wannan majinyacin ya riga ya biya harajin Medicare na kashi 2 cikin ɗari na abin da yake samu, kuma sau da yawa gado ɗaya da ma'aikatan jinya ɗaya zai samu ko da inshora ko babu. Abin da jiha ta karɓa daga kamfani, daga aljihun mai inshorar zai fito idan an ƙara farashi a Afrilu mai zuwa.

Kamfanoni ma suna da hujja, domin doka ta hana su caje mai ciwo fiye da mai lafiya, ga kuma mambobinsu suna tsufa suna neman a sauya musu gwiwa da ƙugu. Sai dai hujjar ba ta hana manyansu bayyana riba ba.

A ganina, tunda gwamnati ce ke tura mutane da haraji, kuma tana zuba kuɗin jama'a a tallafi, ya wajaba ta ƙayyade kason kuɗin inshora da dole ya tafi ga jinya. Amurka ta yi haka a dokarta ta 2010, inda ta tilasta wa kamfanoni kashe kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na abin da suka karɓa a kan kula da marasa lafiya, ko su mayar wa mambobi da ragowar.