Maki ga wanda ya kashe, babu ga wanda ya sasanta

Tunda na ajiye aikin jagorancin tebur, wato jagorantar wasan labari irin Dungeons & Dragons inda kowane ɗan wasa yake taka rawar jarumi ɗaya, abokan aiki suke tambayata me ya sa na kafe a kan maganar makin ƙwarewa, wato makin da jarumi yake tarawa don ya hau mataki na gaba, har ta zama sanadin ɓatawata da manaja. Wasu na ganin ƙaramin abu ne, lissafi ne kawai da ake yi a ƙarshen zama. Ni ban taɓa ɗaukarsa ƙarami ba. Jagora zai iya cika 'yan wasa da bayani cewa labarin nan na bincike ne, na hikima ne, na sasanta mutane ne, amma abin da suke saurara da gaske shi ne inda maki yake fitowa. Can za su nufa.

Kun san dokar da aka kafa mana. A kowane tebur, maki na dodon da aka kashe ne kaɗai, a rubuta wa kowa nasa a rajista, wanda bai zo ba ba shi da komai. Hujjar manaja ita ce hakan ya fi sauƙin dubawa, kuma yana hana mutane fashin zuwa. Sai dai ku yi lissafin da kanku. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, jarumi yana buƙatar maki 300 kafin ya hau mataki na biyu, goblin (wani ƙaramin dodo) ɗaya kuma maki 50 ne, a raba tsakanin duk waɗanda suka yi faɗan. Mutum huɗu sai sun kwantar da goblin 24 kafin su motsa daga matakin farko. Wane ɗan wasa ne zai tsaya jin ta bakin goblin bayan ya gano haka? Abin takaicin shi ne littafin jagora na wannan bugun da kansa ya yarda a ba da maki kan wahalar da aka tsallake ba da faɗa ba. Na nuna masa shafin. Ya ce shi ba littafi yake gudanarwa ba, wuri yake gudanarwa.

Akwai wata yarinya a teburina, mai kunya, da wuya ka ji muryarta. Ranar nan 'yan fashi suka tsare gada suna riƙe da fursunoni, sauran 'yan wasan har sun ɗauki dayis za su afka musu, sai ta ce a dakata. Ta sa jarumarta ta shiga sansanin ba makami, ta gano shugabansu bashi ne ya kai shi ga fashi, ta yi ta ciniki da shi har ya saki mutanen ba a zubar da jini ba. Zaman gaba ɗaya a kan wannan ya tafi, kuma ban taɓa ganin teburin ya yi tsit irin na ranar ba. Na ba su makin da za su samu da a ce sun karkashe 'yan fashin duka.

Da manaja ya duba rajista, a gaban 'yan wasan ya soke makin da biro. Ya ce ba gawa, ba maki. A taron ma'aikata kuma ya kira sunana a matsayin misalin jagoran da ke rabon maki don neman farin jini, ya bi ni da takardar gargaɗi. Ba takardar ce ta fi ci mini rai ba. Zama na gaba, mutanen nan da suka yi tsit suna sauraron sulhu, ko gaisuwa ba su bari wani baƙo ya ƙarasa ba suka zare takubba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma ba laifinsu ba ne. Yarinyar ta koma shirunta, daga baya ta daina zuwa. Har yau ina jin abin a raina, domin an gaya mata a bainar jama'a cewa mafi kyawun abin da ta taɓa yi a tebur ba shi da daraja.

Haushin ne ya tura ni karanta yadda wasu wasannin suka warware wannan magana, sai na tarar dokar da manaja yake kira ta asali ma ba ita ce ta asali ba. A bugun farko na Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, kowane sulen zinariya da ka fito da shi daga kogo maki ɗaya ne, kuma yawanci dukiya ta fi dodanni kawo maki. Saboda haka mai wayo shi ne wanda ya lallaɓa ya kwashe taskar ya bar dodon yana barci. Sai a bugu na biyu, a 1989, aka mayar da makin zinariya abin zaɓi. RuneQuest na 1978 da Call of Cthulhu na 1981 ba su ma san matakai ba: in ka yi amfani da wata fasaha ka dace, sai ka sa mata alama, daga baya ka jefa dayis ka ga ko ta ƙaru. Wannan ya yi kama da yadda mutum yake koyo da gaske, amma yana da tasa cutar, don za ka ga ɗan wasa yana sauya makami a tsakiyar faɗa kawai domin ya tara alamomi.

Wanda ya fi shiga raina shi ne tsarin Dungeon World na 2012. Ana jefa dayis biyu, in jimilla ta tsaya a shida ko ƙasa da haka ka faɗi, amma ka samu maki ɗaya. Faɗuwa ce take koyar da jarumi. Na gwada shi a wajen aiki da wasu abokai, na ga yadda matsorata suka fara gwada abin da ba su iya ba, tunda ko sun kasa ba su tashi a tutar babu ba. A ƙarshen zama kuma tebur gaba ɗaya yake amsa tambayoyi: mun gano wani sabon abu muhimmi game da duniyar nan? Mun yi galaba a kan wani babban abokin gaba? Mun samo taskar da ba za a manta da ita ba? Kowace "i" maki ce ga kowa. Numenera na 2013 kuwa, in jagora ya jefo wa jaruminka matsala ka karɓa, maki biyu yake ba ka, ka riƙe ɗaya ka miƙa wa wani ɗaya.

Da ƙorafi ya yi yawa kujeru suka fara zama wayam, manaja ya zo taro da abin da ya kira sabon tsarinsa: a daina ƙirga maki, duk lokacin da aka kai wani babban zango a labari kowa ya hau mataki tare. Kusan kalma da kalma abin da na rubuta masa ne a amsar takardar gargaɗi, bai kuma ambaci sunana ba. Waɗanda suka karanta amsar sun sani.

Duk da haka kada ku ɗauka hawa ta zango ita ce maganin komai. Tana da sauƙi, tana kawar da rigimar wanda ya yi fashin zuwa, amma tana tattara iko duka a hannun jagora. Idan shi kaɗai ya san inda zangon yake, 'yan wasa sai su daina bin son ransu su koma lalube abin da yake so su yi. Abin da na tsaya a kai a ƙarshe shi ne na zauna da kowane tebur tun zaman farko mu rubuta tambayoyi uku ko huɗu na kanmu. Masu son bincike su sa gano sirri, masu son siyasar fada su sa ƙulla ƙawance, masu son faɗa su sa faɗa, ba wanda ya hana. Su ne suke amsawa a ƙarshen zama, ni dai ina rubutawa.

Sauran kuwa gajeru ne. Kada ka ba mutum maki don ya iya kwaikwayon murya, masu kunya kake hukuntawa. Wanda rashin lafiya ko aiki ya hana shi zuwa, ba shi abin da kowa ya samu. Kada ka canza tsarin maki a tsakiyar labari ba ka gaya wa tebur ba. Duk shawarar da za ka kai wa na sama da kai, kai ta a rubuce, ka ajiye kwafi.

Tambayoyin kowane tebur suna shafin ƙarshe na rajistata, wanda zai gaje ni ya duba kafin ya sauya musu wani abu, don su suka tsara su da kansu. Takardar gargaɗin kuma na nemi a cire ta daga fayil ɗina bayan an karɓi tsarin, an ce za a duba, har na tafi tana nan.