Mako na Huɗu: Lissafin Falaki da Girman Dutsen 2024 YR4

'Yan uwa masu koyon ilimin sararin samaniya, a wannan makon na ajiye madubin hangen nesa gefe guda, na koma kan biro da takarda da kalkuleta, domin dutsen sararin samaniya da na zaɓa ya fi ƙarfin ƙaramin madubi irin nawa. Sunansa 2024 YR4, kuma na'urar ATLAS da ke ƙasar Chile ce ta gano shi ranar 27 ga Disamba, 2024, kwana biyu bayan ya gilma ta kusa da Duniya da tazarar da ta ɗan haura ninki biyu na nisan Wata.

Falakinsa, wato hanyar da yake bi wajen kewaya Rana, bai ba ni wahala ba. Ma'aunin da ake aiki da shi a nan shi ne nisan Duniya daga Rana, kimanin kilomita miliyan 150, wanda ake rubutawa AU. Matsakaicin nisan dutsen daga Rana AU 2.52 ne. Bisa doka ta uku ta Kepler, na ninka 2.52 da kanta, na sake ninkawa da 2.52, na sami 16, sannan na nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 16, wato 4. Ke nan shekara huɗu yake yi kafin ya kammala zagaye ɗaya. Falakin ba da'ira ba ne, a miƙe yake kamar ƙwai, kuma lambar miƙewarsa 0.66 ce, saboda haka yakan matso Rana har kusan AU 0.85, ya kuma yi nisa har AU 4.18, can bayan falakin Mars. Duk dutsen da ke matsowa ƙasa da AU 1.3 ana lissafa shi cikin na kusa da Duniya, wannan kuwa har ƙetare hanyarmu yake yi.

Wajen girma ne na sha wuya, kuma nan ne nake so mu daɗe. Dutse irin wannan ɗigon haske kawai yake bayyana a hoto, babu faɗi babu tsawo, don haka daga haskensa ake ƙiyasta girmansa. Masana suna ba kowane dutse wata lamba mai suna H, wadda ke nuna hasken da zai yi da a ce yana nisan AU ɗaya daga Rana da kuma mai kallo. Ta wannan dutsen kimanin 23.9 ce. Sai dai haske kaɗai ba ya yanke hukunci. Idan aka ajiye babban gawayi da ɗan guntun alli a nesa aka haska su da fitila, suna iya bayyana da haske iri ɗaya, domin alli yana mayar da yawancin hasken da ya sauka a kansa, gawayi kuwa shanye shi yake yi. Wannan kason hasken da jiki ke mayarwa shi ake kira albido.

Da na saka 23.9 cikin ƙa'idar da aka saba amfani da ita wajen ƙiyasta faɗin dutse daga H, na sami mita 22, wanda shi ne faɗin dutsen da a ce yana mayar da dukkan hasken da ya same shi. Abin da ya rage shi ne a raba 22 da lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da albido. A nan na yi kuskure: na raba da 0.25, albidon dutse mai haske, kai tsaye, na sami mita 88, kuma da yake ƙiyasin farko na masana mita 40 zuwa 90 ne, sai na ɗauka na dace. Sai da na gwada 0.05, albidon baƙin dutse, na ga mita 440 sannan hankalina ya dawo jikina. Amsar gaskiya ita ce mita 44 idan dutsen mai haske ne, da kusan mita 99 idan baƙi ne. Bambancin ya fi yadda yake a ido, domin idan faɗi ya ninku sau biyu, jiki yakan ninku sau takwas. Tsakanin 44 da 99 kuwa ninkin ya kai kusan 11.

Wannan ne ya sa aka damu da girmansa a Fabrairun 2025, lokacin da yiwuwar ya faɗo Duniya ranar 22 ga Disamba, 2032 ta kai kashi 3.1 cikin ɗari, kafin ƙarin hotuna su daidaita falakin su kawar da barazanar. A watan Maris na shekarar, madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya ya auna zafin da dutsen ke fitarwa, wanda ya fi dogara da faɗin jiki fiye da launinsa, aka sami mita 53 zuwa 67. Na juya lissafina baya da mita 60, sai albido ya fito kimanin 0.13, wanda ya yi daidai da dutse mai launin toka.

A mako mai zuwa zan maimaita aikin da Apophis, wani dutsen sararin samaniya da zai gilma kusa da Duniya ranar 13 ga Afrilu, 2029. Wanda ya riga ni gwadawa ya rubuta albidon da ya ɗauka kusa da amsarsa, domin mu iya kwatantawa.