Godiya bisa tiyatar da aka yi wa mahaifinmu a Garwa

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ni da ƙannena muna miƙa godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana lokacin da aka yi wa mahaifinmu tiyatar gaggawa. An sallamo Baba, har ya fara fita masallacin ƙofar gida da ƙafarsa.

Ciwon ya taso masa ne cikin dare, cikinsa ya sandare kamar katako, ko taɓawa ba ya bari a yi. Hoton da aka ɗauka ya nuna iska ta taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, alamar gyambon ciki ya ɓule. Kafin asuba likita ya shiga da shi, ya ɗinke hujin, ya lulluɓe shi da kitsen ciki, ya wanke dattin da ya zuba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne likitan bai taɓa ba mu umarni ba sai ya haɗa da dalili. Ya sa an yi gwaji, aka sami ƙwayar Helicobacter pylori, wadda likitocin Ostiraliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka tabbatar tana haddasa gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Saboda haka ya rubuta magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu da omeprazole, maganin rage tsamin ciki, na kwana 14, ya ce a sake gwaji idan an yi mako 4 da gamawa. Ya kuma hana diclofenac ɗin da Baba ke saye wajen masu talla saboda ciwon gwiwa, domin yana cin bangon ciki, jiƙon kanwa kuwa ƙwannafin kawai yake kwantarwa. Ma'aikatan jinya da suka riƙa tayar da shi yana takawa tun ɗinkin yana ɗanye, dangi na ganin rashin tausayi ne, alhali gudun daskarewar jini a ƙafa suke yi. Allah Ya saka musu da alheri.

Muna gode wa samarin Yelwa da suka ba da jini, da abokan kasuwancinsa na Pitowa da suka haɗa gudummawa, da iyayenmu mata masu aiko da kunu, da liman da jama'ar masallaci bisa addu'o'insu. Masu zuwa dubiya muna roƙon su zo bayan la'asar, kuma don Allah kada a kawo masa wani magani ko jiƙo, na likita kaɗai yake sha.